Tambayi likita: tafiyar keke a saharar tsakiyar Ostiraliya

Wasu ɗalibanmu da ke karatu a Ostiraliya na shirin taka keke daga Port Augusta zuwa Alice Springs, tafiyar sama da kilomita 1,200 a kan titin Stuart. Ga tambayoyinsu.

Tambaya: Likita, mu 'yan Sakkwato ne, zafi ba baƙonmu ba ne. Ruwa nawa za mu ɗauka?

Amsa: Samari, zafin da aka sha a inuwar darbejiya daban, wanda ake sha ana taka feda tun safe daban. Mai taka keke a rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a awa guda. Tsakanin Glendambo da Coober Pedy akwai kusan kilomita 250 ba gari ba shago, wato kwana biyu ko uku a keke mai kaya, don haka ku lissafa ruwan kwanakin nan duka, ku ƙara na kwana ɗaya. Ma'auninku fitsari ne: in ya koma kalar shayi, ko aka wuni bai zo ba, ku tsaya. Ruwa zalla kuma ba ya wadatarwa, domin gishirin jiki na tafiya da gumi, kuma wanda ya yi ta ɗirkar ruwa ba gishiri kansa na iya juyewa har ya suma. Ku riƙe ƙullin ORS, ko ku haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙe shi sharkaf, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take.

Ku tafi tsakanin Mayu da Agusta, lokacin sanyinsu. A Janairun 1960 zafi ya kai digiri 50.7 a Oodnadatta da ke yankin. Amma ku ɗauki bargo, daren Yuli a can ya fi hunturun Jos cizo.

Tambaya: In maciji ya sari ɗayanmu fa?

Amsa: Ban da tsaga, ban da tsotsa, kada ma a wanke wurin, domin ragowar dafin na iya taimaka wa asibiti. A naɗe ƙafar duka da bandeji mai faɗi, tamau kamar na targaɗe, a ɗaura mata sanda, mutumin ya kwanta kada ya taka ko'ina. Wannan dabara ta macizan can ce. Masu karatu a gida kada su yi wa saran kububuwa haka. Lambar gaggawa 000 ce, sai dai waya ba ta kamawa a wurare da yawa, shi ya sa nake matsa muku ku nemi wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar kiran agaji. Likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor Service, da suka fara aiki tun 1928, suna zuwa, amma sai an kira su.

Tambaya: Likita, da kunya, amma gabana kan mutu in na daɗe a kan sirdi.

Amsa: Ba kunya a wurin likita. Sirdin ne ke danne jijiyoyin wurin. Ka ɗan sunkuyar da hancinsa, ka riƙa miƙewa a kan feda kana hutar da mazaunai, ka sa wandon keke mai soso, ka wanke shi kullum saboda maruru. In mutuwar ta kwana ba ta sake ka ba, ajiye keken ka ga likita.