Kun Tambaya: Me ya sa Alexa ba ta san abin da na faɗa wa Google ba?

Assalamu alaikum. Ina da lasifika JBL Authentics 300 mai ɗauke da mataimakan murya biyu, Alexa da Google Assistant. Na tambayi Google yanayin garin Abuja ya ba ni amsa, sai na ce wa Alexa "gobe fa?", ta rasa inda na dosa. Amma idan ƙararrawar da na saita da ɗaya ta kaɗa, ɗayan yana iya kashe ta. Ko lasifikar ce ta samu matsala? Hajiya, daga Landan.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Lasifikarki lau take, haka aka ƙera ta.

A cikinta akwai ƙananan manhajoji biyu da ba su da aiki sai jiran a ambaci sunan mai gidansu. Ɗaya tana jiran "Alexa", ɗaya tana jiran "Hey Google". Duk wanda aka kira, shi ake ba makirufo, muryarki kuma ta tafi manyan kwamfutocin kamfaninsa kaɗai. Ɗayan ko kalma guda ba ya ji. Tambayar Abuja tana ajiye can wurin Google a ƙarƙashin asusunki, ita kuwa Alexa kalmomi biyu kacal suka iso mata, babu sunan gari, babu zancen ruwa ko rana. Da gangan aka yi hakan, don kada maganarki ta kai ga kamfanin da ba ki kira ba.

Abin da suke tarayya a kai shi ne halin da lasifikar take ciki: ƙararrawa tana kaɗawa, waƙa tana tashi, ƙarar sauti tana mataki kaza. Wannan a jikin na'urar yake, shi ya sa kowannensu yana iya tsayarwa ko rage ƙara. Da zarar abu ya wuce haka, kamar jerin cefane ko tunatarwa, sai ki koma wurin wanda kika ba ajiyar.

An daɗe ana fama da wannan. Amazon da Microsoft sun sanar da haɗa mataimakansu, Alexa da Cortana, a 2017, aka buɗe wa jama'a a 2018, aka rufe a 2021. Sai mutum ya ce "Alexa, open Cortana" kafin ya tambayi saƙonninsa, wato shi zai riƙa tuna wane ne ya san me, kuma a ganinmu wannan ɗawainiyar ce ta fi hana abin karɓuwa. A 2019 Amazon ta tara kamfanoni fiye da 30 don a bar mataimaka da yawa su zauna a na'ura ɗaya, amma Google da Apple da Samsung ba su shiga ba. Sai a 2023, a baje kolin IFA na Berlin, aka nuna irin lasifikarki.

Don haka wanda kika fara magana da shi, ki ƙarasa da shi. In kin canza, ki faɗi jimlar a cike: gari, rana, da abin da kike nema. Asusun waƙa ki haɗa shi a manhajar Alexa, ki sake haɗa shi a Google Home, domin haɗin ɗaya ba ya wadatar da ɗaya. Idan kina da ƙwan lantarki mai tambarin Matter, tsarin haɗa na'urorin gida da ya fito a 2022, buɗe shi a manhajar da kika fara saita shi, ki zaɓi raba shi da wata manhaja. Za a ba ki sabuwar lamba mai ƙarewa cikin 'yan mintoci. Ita za ki shigar a manhaja ta biyu, lambar jikin kwali ba za ta yi ba. Ki ba ƙwan suna iri ɗaya a duka biyun.

Siri takan ce mini ko ta miƙa tambayata ga ChatGPT. Me ke tafiya can? Wani ɗalibi, daga Zariya.

Wannan ya zo da iOS 18.2, sabuntawar manhajar iPhone, a Disamban 2024, a wayoyin da ke ɗaukar Apple Intelligence, daga iPhone 15 Pro zuwa sama. Tambayar ce ke tafiya, tare da hoto ko fayil idan ka haɗa. Apple ta ce tana ɓoye adireshin intanet ɗinka, kuma OpenAI, kamfanin da ya mallaki ChatGPT, ba ta adana tambayar muddin ba ka shiga da asusunka na ChatGPT ba. In ka shiga, ƙa'idojin OpenAI ne ke aiki a kanka. Ana iya kashe neman iznin a saiti, sai dai mun fi son ka bar shi a kunne, domin shi ke nuna maka lokacin da magana ta fita daga hannun Apple.

Ina haɗa wa wani kamfanin dillancin kaya layin waya mai mataimaka biyu, ɗaya na karɓar oda, ɗaya na sauraron ƙorafi. In na farko ya miƙa kira, na biyun yakan sake gaisuwa ya tambayi komai daga farko, wani lokaci su yi ta mayar wa juna. Ina gyaran yake? Injiniya, daga Kano.

Injiniya, muryar kake miƙawa ba tare da bayanin ba. Kafin na farko ya saki kira, ya tura wa na biyu ɗan ƙunshin bayani: lambar kiran, harshen da ake magana da shi, abin da mai kira ke so, abubuwan da aka riga aka tattara kamar lambar oda da gari, ko an tantance shi, dalilin miƙawa, da jimlarsa ta ƙarshe yadda ya faɗe ta. Kada ka zuba masa rubutun hirar gaba ɗaya. Yana ƙara jinkiri, kuma na biyun yakan koma amsa tambayar da aka riga aka gama da ita. Lambar sirri da BVN kuwa kada su shiga ƙunshin ko kaɗan, "an tantance" ya isa.

Kuɗi ka ajiye shi iri biyu, da alƙaluma da kuma lafazin mai kira. Ɗan kasuwar Maraɗi in ya ce "dala ashirin", sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Idan lamba 20 kaɗai ta isa wurin na biyu, babu yadda zai gano kuskuren.

Sai tsarin miƙawar. Na farko ya ce "bari in haɗa ka da sashen ƙorafi", ya jira na biyu ya tabbatar ya karɓa kafin ya saki. In daƙiƙa 2 zuwa 3 suka wuce babu tabbaci, ya ci gaba da riƙe kiran. A wannan ɗan tsakanin mutane ba sa yin shiru, don haka ka riƙa naɗar sautin ka miƙa shi tare, in ba haka ba farkon maganarsu ya ɓace. Kada na biyu ya fara saurare sai na farko ya rufe baki. Idan mai kira ya sa wayarsa a lasifika, muryar na farkon takan dawo ta makirufo, na biyu ya ɗauka mutum ne ya amsa mata. Ka kuma duba sautin kansa: layin waya na yau da kullum sauti mai ingancin 8 kHz yake bayarwa, yawancin manhajojin gane magana kuwa 16 kHz suke so, kuma sau da yawa akan gyara wannan a mataimaki na farko a manta da na biyu.

Mayar wa juna yana faruwa ne idan buƙata ta faɗa tsakani, kamar wanda ke son canza odar da ta iso a lalace. Kowanne yana ganin aikin ɗan'uwansa ne. Ka sa abin ƙirga yawan miƙawa a cikin ƙunshin: an miƙa sau 2, na uku ya tafi wurin ma'aikaci, da bayanin a gabansa. Kiran da suka kai ga haka ka riƙa saurarensu duk mako, kana rubuta wa kowace irin buƙata mataimakin da zai riƙe ta.