Sunayen da muke rubutawa a watan Nuwamba

Ɗiyata,

Saƙonki ya iso. Ƙaninki ne ya karanta mini har sau biyu, don idona ya daina ɗaukar ƙananan rubutun waya. Kin ce abokiyar karatunki ta ga ambulan ɗin da mamanki ta aiko miki ki sa sunayen waɗanda suka riga mu, sai ta ce bautar kakanni ce muka sa wa rigar coci, kuma wai kuɗi muke biya a fid da mutum daga wuta. Kika ce, Goggo, mene ne gaskiyarsa? To, gyara zama.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Mas, wato babbar ibadarmu ta 'yan Katolika a coci, ba ta da farashi. Abin da ake sawa a ambulan baiko ne don hidimar bagade da abincin Fada, wato limamin coci. Shekarun da masaƙun Kakuri suka rufe, sau nawa na miƙa takarda zalla, ko sisi babu a ciki, kuma an ɗora ta a bagade tare da na masu hali. Duk wanda ya ce miki sai da kuɗi, ko katikis ne, mai koyar da addini a coci, ki turo mini shi.

Kwana biyu ne a jere, kada ki haɗa su. Ranar 1 ga Nuwamba ta dukan tsarkaka ce, waɗanda suka riga suka isa gaban Allah. Su muke roƙo su yi mana addu'a. Ranar 2 ta sauran masu bi ce da suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran ƙura a jikinsu. Su kuma mu ne muke yi musu addu'a. Wannan rana ta biyu wani shugaban sufaye mai suna Odilo ne ya kafa ta a Kuluni, ƙasar Faransa, kimanin shekara 1000 da suka wuce, daga nan ta bazu. Amma addu'ar kanta ta girme shi nesa. A littafin Makabiyawa na biyu, sura 12, Yahuza Makabi, shugaban yaƙin Yahudawa, ya tara azurfa 2000 ya aika Urushalima a yi hadaya saboda sojojinsa da suka faɗi a yaƙi. Ki sani wannan littafi ba ya cikin Baibul ɗin abokiyarki: namu na Katolika littattafai 73 ne, nasu na Furotesta 66. Saboda haka kada ki yi mata faɗa, abin da ba ta gani ba ne ta ce babu. Ki dai gaya mata sujada ta Allah ce shi kaɗai. Wanda kike roƙa wa jinƙai, ta yaya kike bauta masa? Maƙwabtanmu Musulmi ma da suke cewa Allah ya jiƙan rai, suna sadakar uku da bakwai da arba'in, ai sun san wannan bambanci.

Ni labarin Monika ne ya fi zama mini a rai, uwar Waliyyi Agustin, 'yar Afirka irinmu, daga ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ta riga ta shirya wa kanta kabari a gida kusa da na mijinta. Sai ajali ya riske ta a Ostiya, bakin teku kusa da Roma, a shekara ta 387. Ta ce wa 'ya'yanta su binne jikin ko'ina, kada ya dame su, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Duk sa'ad da na ga mutanenmu suna cin bashi don a kai gawa ƙauye da jerin motoci da anko da shanu, bayan shekara biyu kuma babu mai tuna a sa sunan a Mas, sai in tuna da matar nan. Ban ce kada a kai mutum gida ba. Amma mun fi ƙwazo a abin da ido ke gani.

Yanzu ga abin da ya sa ni kaina nake rubutawa. Ina nan a Dandalin Murtala a watan Fabrairu na 1982 da Paparoma Yohana Bulus na biyu ya zo Kaduna ya naɗa sababbin Fada, yau ga shi ana kiransa waliyyi. Na ga lokacin da ya dawo a 1998 ya ɗaga Fada Tansi, ɗan Najeriya, zuwa matsayin mai albarka. Na yi kuka a 2020 da aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18, bayan an sace shi daga makarantar horar da Fada ta Kakau. Duk na san da su. Amma in aka ce tsarki, fuskar kakarki nake fara gani.

Ƙosai take toyawa a ƙofar masaƙa. Tun kafin asuba tana zaune gaban kasko, hayaƙi ya rina mata ido ja, rosari, carbin addu'armu, naɗe a wuyan hannun da take riƙe matsami da shi. Tana da wani kwanon sha mai lamba da take kifewa a gefe. Ƙosan da ke ƙarƙashinsa ba na sayarwa ba ne, na almajirai ne da yaran da iyayensu ba a biya su albashi ba, ba ta tambayar coci kake zuwa ko masallaci. Da kuɗin kaskon nan babanki ya gama sakandare. Kuma kada ki ɗauka mala'ika ce, tana da baki, in ta zage ka sai ka yi kwana uku kana jin zafinsa. Shi ya sa ranar 1 nake sa rai tana cikin taron, ranar 2 kuma nake rubuta sunanta. Allah ne ya san inda ta kai a hanya.

Kalmar Yukaris ma, wato wani sunan Mas, a Girkanci godiya take nufi. Akwai mutanen da suka ciyar da ni ban taɓa ce musu na gode ba, ƙuruciya ta hana, kafin in yi hankali ƙasa ta rufe su. Ina zan kai godiyar in ba bagade ba? A takardata har da sunan wata da ta ci amanata a adashe, ta rasu ba mu shirya ba. Shekara huɗu hannuna na ƙin rubuta ta. Da na rubuta, ni ce na fara samun barci.

Daga ranar 1 zuwa 8 ga wata Ikilisiya tana ƙarfafa mu mu je makabarta mu yi addu'a, kuma mu nan gida Asabar ɗin da ke ciki muke zuwa. Damina ta bar ciyawa har gwiwa a kan kabarin kakarki, gicciyen kuma ya karkata tun bara. Ki zo da fartanya da tsintsiyar kwakwa, kyandir kuma ki samo kwalbar da za a sa shi, don iskar hunturu ba ta barin sa minti ɗaya. Kafin ki rufe ambulan ɗin ki kira mamanki ta faɗa miki sunan yayarta da ta rasu tana goyo, babu wanda ya rubuta ta tun da kakarki ta wajen uwa ta tafi.

Ki gaida abokiyar taki, in tana so ki taho da ita.

Goggonki