Tambayoyi da Amsoshi: Wasan Tarzoma na RIOT da Sayen Wasan da Ba a Gama Haɗawa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani wasan kwamfuta da ake arangama tsakanin 'yan sanda da masu zanga-zanga, an ce ya fito ne ta "Early Access". Me hakan yake nufi? Kyauta ake samunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasan da ka gani shi ne RIOT: Civil Unrest. Wani ɗan ƙasar Italiya, Leonard Menchiari, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Merge Games kuma ya fitar da shi kasuwa. An fara tara masa kuɗi a shafin Indiegogo tun 2013, ya shiga Early Access a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a watan Disamba na 2017, sannan kammalallen ya fito a Fabrairun 2019, har da na PlayStation 4 da Xbox One da Nintendo Switch.

Ba kyauta ba ne. Early Access tsari ne da kamfanin Valve ya buɗe a Steam a 2013, inda ake sayar maka da wasa alhali ana kan aikinsa. Ka biya, ka yi wasa da abin da aka gama, ka kai rahoton kurakurai, in an kammala ba za ka sake biya ba. Amma babu wanda ya ɗau maka alkawarin za a kammala. Akwai wasannin da suka tsaya cak a hanya, masu su suka watse. Shi ya sa shawarata ɗaya ce: ka biya kuɗin abin da ke cikin wasan yau, ba abin da aka ce za a sa gobe ba. Kafin ka saya, duba ranar da aka yi masa sabuntawa ta ƙarshe, ka kuma karanta ra'ayoyin baya-bayan nan, ba tsofaffi ba.

Tambaya: Ɗana ne ya dame ni in saya masa. Ba tayar da fitina wasan yake koyarwa ba kuwa?

Amsa: Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Wasan ba ƙage ba ne, an gina shi a kan abubuwa huɗu da suka faru da gaske: zanga-zangar No TAV ta mutanen kwarin Susa a Italiya, masu adawa da layin dogo mai gudu tsakanin Turin da Lyon, boren garin Keratea a Girka daga 2010 zuwa 2011 kan wurin zubar da shara, gangamin Indignados da ya fara a Sifaniya ranar 15 ga Mayun 2011, sai juyin juya halin Masar na 2011 a dandalin Tahrir. Shi kansa Menchiari ya halarci zanga-zangar No TAV, daga nan tunanin wasan ya samo asali.

Mai wasa yana iya zama ɓangaren 'yan sanda, da garkuwa da barkonon tsohuwa, ko ɓangaren jama'a. Abin da ya bambanta shi da wasannin yaƙi shi ne ana auna sakamako biyu, na fili da na siyasa. Mutum zai iya korar abokan karawarsa daga fili amma ya yi asarar goyon bayan jama'a saboda ya zubar da jini. Wato wasan yana hukunta ka kan ƙarfin da ka nuna. Duk da haka akwai duka da wuta da mutuwa a ciki, ko da yake zanen irin na da ne mai ɗigo-ɗigo. Ban ga dacewarsa da yaro ƙarami ba. In matashi ne da ya fara hankali, ki zauna ki kalli zagaye ɗaya tare da shi kafin ki yanke hukunci.

Tambaya: Laftof ɗina ta hannu ce, RAM ɗinta gigabait 4. Za ta ɗauka?

Amsa: Kada zanen ya ruɗe ka, Malam. Hoton ba shi da nauyi, amma inda aikin yake shi ne cincirindo. Kowane mutum a filin sai furosesa ta lissafa inda zai nufa, wa ya ture shi, ya tsorata ko ya fusata. Saboda haka a irin wannan wasa furosesa ce ke fara gajiya, ba katin hoto ba, kuma za ka ga sanɗar ne daidai lokacin da taro ya cakuɗe.

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta dxdiag, danna Enter. Shafin farko zai nuna maka furosesa da RAM da nau'in Windows, shafin Display kuma katin hoto. Sai ka kwatanta da abin da aka rubuta ƙarƙashin System Requirements a shafin wasan. Ka kuma lura cewa tun 1 ga Janairun 2024 Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1.

Da gigabait 4, rufe Chrome kafin ka fara, don shi kaɗai yana iya cinye rabin abin da ya rage. Jona caja, domin a kan batir laftof tana rage wa kanta gudu. Kuma kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ramukan iska suna ƙasa ne, in sun toshe furosesa ta yi zafi sai ta sassauta da kanta. In wasa ya fara lafiya, bayan minti 15 ya soma tsattsayawa, mai yiwuwa zafi ne, ba laifin wasan ba. Mai gyara ya buɗe ta ya hure ƙurar fanka, ya sa sabon man sanyaya furosesa.

Tambaya: Ina ba wa 'yan wasana umarni amma ba sa bi. Linzamina ne ya lalace?

Amsa: Ba lallai ba. A RIOT ba mutum ɗaya-ɗaya kake sarrafawa ba, rukuni ne, kuma an tsara su su tsorata su watse in hayaƙi ya yi yawa. Wani ɓangaren da gangan ne. Amma gaskiya masu sharhi da yawa sun koka cewa sarrafa wasan yana da wuya, har bayan fitowar kammalallen, kuma ina ganin suna da hujja. Gwada linzamin a wani wasan. In yana aiki lafiya, to halin wasan ne.

Tambaya: Datata tana ƙarewa ba tare da na taɓa komai ba tun da na sa Steam.

Amsa: Sabuntawa ce ke shanye ta, kuma wasannin Early Access sun fi kowa yawan yin ta. A cikin Library, danna wasan da maɓallin dama, zaɓi Properties, shiga Updates, ka mayar da shi ya riƙa sabuntawa sai lokacin da ka buɗe shi.  A Settings kuma, ƙarƙashin Downloads, akwai wurin ƙayyade gudun saukarwa da sa'o'in da aka yarda a yi sabuntawa, sai ka daidaita shi da lokacin datar dare. In ka gama saukarwa, sa Steam a Offline Mode.

Tambaya: Bayan sabuntawa wasan ya daina buɗewa. In goge in sake saukarwa?

Amsa: A'a, kada ka yi asarar data tukuna. Shiga Properties, sai Installed Files, ka danna Verify integrity of game files. Steam zai gano fayil ɗin da ya lalace ya sauko da shi kaɗai. Yawanci katsewar wuta ko ta intanet a tsakiyar saukarwa ce ke jawo hakan. In bai gyaru ba, duba ko manhajar kariya daga ƙwayar cuta (antivirus) ta killace wani fayil, sannan ka sabunta direban katin hoto. Ajiyar matakin da ka kai kuwa, a wasan da ake kan ginawa sabon salo yana iya ƙin karanta tsohuwar ajiya. Wasanni da dama suna ajiye ta a Documents ko AppData, sai ka kwafi jakar zuwa filashi kafin babbar sabuntawa.

Tambaya: In na saya bai yi mini ba, kuɗina sun tafi ke nan?

Amsa: Steam yana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka kai awa 2 kana wasa ba. Agogon yana tafiya muddin wasan a buɗe yake, ko da ka bar shi a shafin farko ka tafi sallah. Don haka kada ka ɓata lokacin a saite-saite. Shiga matakin da ya fi cunkoso, nan ne za ka san ko na'urarka za ta iya. In bai yi ba, je shafin taimako na Steam, zaɓi Purchases, danna wasan, ka nemi a mayar. Za ka zaɓi a sa kuɗin a asusunka na Steam ko a katin da ka biya da shi. Na asusun Steam ya fi saurin isowa, amma ba za ka iya cire shi ba, sai dai ka sayi wani wasan da shi.