Jaridar Da Ka Gani A Hammatata

Auwalu ɗana, saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce ka ga hoton da aka ɗauke mu a bakin masallaci bayan sallar Juma'a, ni da jarida a hammata, ka zaci daga gida ake kawo mana ita. Da na ce maka ta baƙaƙen fatar Amurka ce, sai ka ce me ya haɗa kifi da kaska? A ganinka mu da muka zo neman abinci ba ruwanmu da rigimar mutanen da ba danginmu ba. Ban ga laifinka ba, don ni ma da wannan tunanin na sauka Niyok a 1997. Bari in warware maka zare da abawa.

Sunanta Amsterdam News. An kafa ta a 1909, a unguwar Harlem ta Niyok ake buga ta, kowace Alhamis. Tana da 'yan uwa a wasu birane, kamar Afro-American ta Baltimore da aka kafa a 1892, da Chicago Defender ta 1905. Kakarsu duka ita ce Freedom's Journal, wadda Samuel Cornish da John Russwurm suka fara a 1827, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato, 'yan uwansu kuma na kudancin Amurka suna cikin bauta tsundum. Abin da ya sa suka kafa nasu shi ne, manyan jaridun fararen fata ba sa ambaton baƙin mutum sai in ana zarginsa da laifi. Aurensa, haihuwarsa, gama karatun ɗansa, korarsa daga aiki, duk ba labari ba ne a wurinsu.

Maganar aiki ita ta fi taɓa ni. Defender ta riƙa buga sanarwar guraben aiki na masana'antun Shikago, tana kiran mutanen kudu su baro gonakin auduga su taho arewa. Wasu garuruwan kudu sun hana sayar da ita, sai baƙaƙen fata masu hidima a jiragen ƙasa na kamfanin Pullman suka riƙa ɓoye ta cikin kayansu, suna saukewa a tasha. Kwafi ɗaya sai ya zaga gari, ana karanta wa jama'a a shagon aski da coci. Da aka iso arewa kuma sai aka tarar da wata sabuwa. Kanti a tsakiyar unguwarku, kuɗinku yake ci, amma ba zai ɗauki ɗanku ko mai karɓar kuɗi ba, sai dai shara. A 1929 wata jarida mai suna Chicago Whip ta ɗaga murya cewa kada kowa ya yi ciniki inda ba za a ɗauke shi aiki ba. Kiran ya iso Harlem, inda a 1934 aka ƙaurace wa babban kantin Blumstein da ke titi na 125 har sai da ya yarda ya ɗauki baƙaƙen fata aikin sayar da kaya. Nakan bi ta gaban ginin, kuma ba na wucewa ban ɗaga kai na dube shi ba.

Haka suka ci gaba da matsa lamba. A 1941 shugaban ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar tara jama'a a Washington, jaridun nan suka yi ta yayatawa, har Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin hana wariya a masana'antun kayan yaƙi. Dokar 'yancin jama'a ta zo a 1964, ta haramta wa mai aiki nuna bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar da mutum ya fito. Shekara ɗaya bayanta aka sauya dokar shige da fice da ta daɗe tana fifita Turawa. Ta wannan ƙofar irinmu suka shigo, Auwalu. Inuwar da muke sha, wasu ne suka dasa bishiyar, kuma an kashe da yawansu a kanta.

Ni kaina sai da abin ya zo kaina na gane. Na yi shekara shida ina aikin gadi a wani kamfani. Sau uku ana kawo yaro sabo in koya masa aiki, bayan 'yan watanni ya zama shugabana. Ranar Juma'a kuma in na nemi awa ɗaya in je masallaci, sai a ce in zaɓa, ko sallah ko aiki. Na yi ta cewa haƙuri maganin zaman duniya. Wani dattijo baƙar fata da muke sahu ɗaya da shi, tsohon direban bas, shi ya lura da ramata. Ya kai ni gidansa, ya jawo wani kwalin takalmi cike da yankakkun shafukan jarida da suka yi ja don tsufa, tun na zamanin mahaifinsa. Ya shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙo mini ƙaramin littafi da biro, ya ce daga yau duk abin da aka gaya mini in rubuta, da rana da lokaci da wanda ya faɗa. Shi ya nuna mini hukumar EEOC mai karɓar koken wariya a wurin aiki, ya kuma gargaɗe ni cewa a jihar nan kwana 300 ne wa'adin kai ƙara. Muƙamin ban samu ba, amma Juma'ata ta dawo hannuna.

Yanzu abin ya zama al'adarmu a nan Bronx, mu da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana. Baƙo in ya zo, bayan an nema masa ɗaki da aiki, sai a ce ya adana takardun albashinsa, ya riƙe littafi. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan su ke karanta wa iyaye jaridar, suna fassarawa da Hausa. Ba na ce zamanmu da baƙaƙen fatar nan babu tsami ba. Akwai namu masu raina su, akwai nasu masu ganin mun zo cin abin da ba mu sha wahalarsa ba, kuma wannan zargin yana da ƙamshin gaskiya. Amma a watan Fabrairun 1999, da 'yan sanda huɗu suka harba wa Amadou Diallo harsashi 41 a ƙofar gidansa, wani Bafulatani ɗan Gini mai talla a bakin titi, su ne suka cika tituna, jaridunsu kuma suka riƙe maganar har ƙarshen shari'a. Babu wanda ya tsaya tambayar ko danginsa ne.

Jaridun sun yi rauni yanzu, intanet ta cinye musu kasuwa. Defender ta daina fitowa a takarda tun 2019, abin da ya sosa mini rai ƙwarai. Shi ya sa nake sayen tamu duk mako, ko da na riga na karanta labarin a waya. In Alhaji zai taho Kano bayan sallah zan ba shi kwafi biyu ya kawo maka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da su Hajiya.