Hukuncin karɓar maganin da ba za a sha ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana fama da hawan jini, duk wata muna karɓo masa magani, inshorar lafiya ce ke biya. Akwai ƙwayar da ya daina sha tuntuni saboda tana sa shi jiri, amma ba mu fasa karɓa ba, har ta taru a gida. Akwai laifi? Zan iya yin sadaka da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya saka maka da alheri.

Bai halatta ku riƙa karɓar maganin da kun san ba za a sha ba. Don bai fito daga aljihunku ba, ba shi ke nan ya zama kyauta ba: daga asusun da jama'a suka tara ake biyansa, kuma wani majinyacin na jiran irinsa. Allah ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ya kira masu yinsa 'yan'uwan shaiɗanu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya na cikin abubuwa uku da Allah ya ƙi mana. Dukiyar jama'a kuwa ta fi nauyi, don masu haƙƙi a cikinta ba su ƙirguwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne likita bai sani ba. A takardarsa dattijo na shan magani. In ya auna ya ga jinin bai sauka ba, sai ya ƙara ƙarfin ƙwayar ko ya haɗa da wata, asara ta ninku, rai kuma yana cikin haɗari, domin hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da alama ba. Wajibi ne ku gaya masa gaskiya, ya canza ta ko ya soke ta. Ku tambaye shi ma ko akwai mai sauƙin kuɗi da sinadarinsu ɗaya.

Sadaka da ragowar kuwa, kada ka yi. An rubuta ta ne bisa jikin mutum guda, tana iya illata wani, shari'a kuma ta ce ba cuta ba cutarwa. Ka mayar wa masu harhaɗa magani. Galibi ba sa sake bayar da abin da ya kwana a gida, don ba su san yadda aka adana shi ba, amma sun san yadda za su zubar da shi.

Abin da ya wuce cikin rashin sani, ku nemi gafara, ku daina daga wannan watan.

Allah ne mafi sani.