Tambaya da Amsa: Manhajar gano rubutun AI tana kwasar bayanaina?

Tambaya: Salam Malam, ni malama ce a Zariya, na saka wata ƴar manhaja a burauzar Chrome da ke duba ko ɗalibi ne ya yi rubutu ko AI, to wai tana ganin sauran abubuwana?

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama. Gaskiya tana iya gani, don yawancin irin waɗannan manhajoji ba a cikin kwamfutarki suke binciken ba, tura rubutun suke yi can sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, kuma in lokacin sakawa kin yarda ta karanta duk shafukan da kike buɗewa to har imel ɗinki da shafin banki tana da damar leƙawa. Ki shiga saitin ta ki mai da ita sai kin danna ta sannan ta yi aiki. Tun 2021 Google ta wajabta wa masu irin waɗannan manhajoji su bayyana bayanan da suke tarawa a shafinsu na Chrome Web Store, wato inda ake sauko da su, ki karanta, amma fa su ne ke cikewa da kansu. Ki riƙa goge sunan ɗalibi da lambarsa kafin dubawa.

Kuma don Allah kar ki kayar da yaro kan hukuncinta kawai, ko OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ma ya rufe tasa manhajar gano rubutun AI a 2023 saboda yawan kuskure.