Amsa: Me ya sa sakamakon ABAQUS bai yi daidai da gwajin bim mai rodin GFRP ba?

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, bim ɗin kankarenka mai rodin zaren gilashi (wato GFRP) ya fi lanƙwasa a ɗakin gwaji fiye da abin da ABAQUS, manhajar kwamfuta mai lissafin yadda abu zai ɗauki nauyi, ta nuna maka.

Fara da duba yadda ka shigar da bayanan rodin a manhajar. Mutane da yawa suna kwafar bayanan rodin ƙarfe ne kawai, alhali taurin ƙarfe ya kai 200 GPa (gigapascal, ma'aunin da ake auna tauri da shi), na GFRP kuwa yawanci tsakanin 40 zuwa 60 ne. Kuma shi GFRP ba ya saki a hankali kamar ƙarfe. Yana miƙewa daidai gwargwadon nauyi har ya tsinke farat ɗaya. Don haka kada ka ba shi matakin saki.

Inda na fi zargi shi ne riƙon rodi da kankare. Idan ka binne rodin a matsayin wanda ba ya zamewa ko kaɗan, bim ɗin zai fito da taurin da babu shi a zahiri, tsagu kuma su yi kusa da juna fiye da na gaske. Sanya dokar zamewa tsakaninsu, sannan ka gyara ƙarfin kankare bayan ya tsage.

Gwada girman raga biyu ko uku, wato ƙananan gutsattsarin da manhajar ke raba bim ɗin zuwa gare su don yin lissafi. In sakamakon yana canjawa sosai, to da sauran aiki.

Kwatanta sakamakon da lissafin ACI 440.1R, wato jagoran Cibiyar Kankare ta Amurka kan gini da irin wannan rodi. In kuwa gini za a yi da shi, sai injiniyan gini mai rajista ya duba ya sa hannu.